Furen Uwar Wasila

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024
Furen marigayiya ya samu baƙi. Da safe jikata Wasila ta ɗaga tukunyar daga bakin taga, sai ga wasu ƙananan ƙwari farare, ba su kai ƙwayar gero ba, suna tsalle a kan ɓawon itacen da aka dasa shi a ciki. Na ce mata su ma biza suka samu, kowa Dubai yake so. Ba ta yi dariya ba. Okid ne sunan furen. 'Yata ce ta saye shi a Al Quoz, kuma in ban da Wasila shi kaɗai ya rage a gidan nan mai rai da hannunta ya raina.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Ganye ɗaya ya yi rawaya. Wasila ta ƙi cin abinci. Na ce to ki rame, na huta da neman ƙato mai iya ciyar da ke. Harara kawai na samu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Ta duba a waya. Wai ƙwarin ba sa cin fure, jiƙa ce ke kiransu, kuma jiƙar ce ke ruɓar da saiwa. Ta ce, "Kaka, sau ɗaya nake ba shi ruwa a mako, yadda Umma take yi. Ina na yi kuskure?"
Na ce mata sanyin AC ne.
Ba AC ba ne. Ni ce. Wata huɗu ke nan, kullum ta fita makaranta sai na zuba masa kofi guda, wani lokacin har ruwan wankin shinkafa. A Bichi shukar da aka bari mako babu ruwa sai dai a yi itace da ita. Wa ya taɓa jin fure mai azumin kwana bakwai.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Babanta Nasir ya dawo daga wurin aikinsa na jigilar kaya a Deira, ya leƙa tukunyar ya ce khalas, ya ƙare, a zubar, zai sayo sabo. Yarinyar ta ɗauke shi ta shige ɗaki. Ina jin kukanta ta bango, gidajen unguwarmu ta Abu Hail ba su da sirri. Tana cewa ita ta kashe shi.
Yau ma na zuba masa, tana banɗaki.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Na faɗa mata. Na so in mayar da shi wasa, bakina ya ƙi. Ta kalle ni ta ce, "Kuma kika bar ni ina kuka?"
Mun zazzage tukunyar a kan tire. Saiwa duk ta yi laushi, tana wari. Ita ke yankewa da almakashi, ni ina riƙe. Uku kacal suka rage masu ƙarfi. Ta sa sabon ɓawo, ta ce kwana goma ko ɗigo kar ya gani. Ta ɓoye kofina.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Ba ta kira ni Kaka ba tun Lahadi. "Ke" kawai.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Ƙwarin sun ragu, biyu na gani. Ɓawon ya bushe ƙamas, kallonsa ma ƙishi yake sa ni. A asibiti uwar Wasila ta roƙe ni ruwa, leɓenta duk ya tsage, likita ya ce kar a ba ta sai an gama yi mata aiki. Na bi maganar likita. Ba ta fito ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, nan ma ban san dalilin rubutawa ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba
Kwana goma sun cika. Wasila ta kawo ruwa a roba ta ajiye a gabana, ta ce, "Kaka, zuba." Na sa yatsa a ɓawon, can ƙasa da ɗan sanyi-sanyi. Na ce a bari sai jibi.
Ta ce wai na zama likita. Ƙarya take, hannuna ne ke ciwo.