Ƙaramar Mota da Taken Sarkin Fawa

Zongo, Lome
Mako guda bayan Ƙaramar Sallah

Yaya Ajaratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, da fatan an sha ruwa lafiya, an yi Sallah lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya ɗiyarmu Djamila? Matata Huseina na gaishe ki. Tunda kunnen nan naki ya ƙi waya, ga ni na koma takarda kamar ɗan makaranta, zan ba direban motar Kumasi ya kawo miki.

Yaya, na gaji. Wallahi na gaji. Bukukuwan da aka yi a Zongo tun daga Maulidi sun fi ashirin, ba wanda ya ce a kira Sabiru mai kalangu. Yanzu sai a ɗauko mai kwamfuta, ya jera lasifikoki kamar zai ta da matattu, ya saki waƙar da ba ki san ko mutum ne ke yi ko akuya aka shaƙe ba. Muryar ma inji ke gyara ta. Amarya ta fito, ba a faɗi ɗiyar wa ce ba, ba a ambaci kakanta ba, sai tsalle. Na ce wa Huseina, Allah ya yi wa Yaya gata da ya toshe mata kunne kafin wannan zamani. Kar ki yi fushi, wasa nake.

Mahauta kawai suka rage mini. Sufyan, tun da ya gaji ubansa a sarautar fawa, bai taɓa hana ni naman Juma'a ba, kamar yadda uban nasa, Sarkin Fawa Oumarou, ya yi wa Babanmu Alassani har ya rasu. Amma nama kaɗai ba ya riƙe gida. Shi ya sa na koma zemijan, ina jigilar mutane a babur har kasuwar Asigame. To, bayana ya ƙi. Ranar Talata na sauke wata mata da buhun gari, na kasa miƙewa, sai da masu shago suka kama ni. Shekara hamsin saura kaɗan, ina kokawa da sa'annin 'ya'yana a kan titi.

Akwai wata ƙaramar mota da na gani a filin motocin hannu na tashar jiragen ruwa. Shuɗiya ce, ba ta da kyau ko kaɗan, ƙofar baya sai da gwiwa take rufuwa. Amma ba ta shan mai, kuma tana da rufi, Yaya. Rufi da kujera mai jingina. Manyan motoci na masu son a gan su ne, ni so nake in zauna.

Ga kuma zaɓen kansiloli ya taso. Kin san ra'ayina: mu 'yan Zongo 'yan ƙasa ne ranar ƙuri'a, washegari mu koma baƙi. Kwatar bayan masallaci tun ina yaro ake alkawarin gyara ta, har yau damina a ɗakinmu take kwana. Duk kanwar ja ce. Amma wani Alhaji Saifuddeen, mai sayar da tayil a Baguida, ya tsaya, kuma ya aiko cewa yana son waƙar kamfen da kalangu a ciki, don tsofaffi su ji shi nasu ne. Abin da zai bayar zai kai ni ga motar nan. Me kika gani?

Allah ya ƙara miki lafiya.
Ƙanenki,
Sabiru

*

Aboabo, Kumasi

Sabiru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Kunnena kuwa ka bar shi, ya ji abin da naka bai ji ba.

Ciwon bayanka ya dame ni. Ka sayi motar. Roƙo sana'ar gidanmu ce. Baba ya yi wa attajirai kiɗa, ya yi wa 'yan dambe, bai tambayi kowa jam'iyyarsa ba. Ka yi wa Alhajin waƙa, ka ce shi ne ruwa shi ne inuwa, ba ka yi abin da wani maroƙi bai yi ba. Ƙuri'arka kuma ka jefa inda ranka ya so. Ni nan na gaji da dangwala yatsa, tamu kwatar ma tana nan yadda take.

Abu ɗaya nake ja maka kunne a kai. Kar ka taɓa taken Sarkin Fawa Oumarou.

Kana goye a bayan Inna lokacin, ba ka gani ba. Ranar da aka tashe mu daga tsohon Zongo na cikin gari aka zube mu a fili, ba ɗaki ba murhu, Oumarou ya kayar da bijiminsa na ƙarshe ya raba wa kowa, bai ajiye ko ƙashi ba. A wurin Baba ya rataya kalangu ya sa shi ya ce: "Oumarou ya yanka, Zongo ta ƙoshi, shi ya kwana da ruwa." Ni na ga manyan maza suna kuka da nama a hannu. Take na mutum ɗaya ne, ba riga ba ce da ake ara. Shi ya sa ake kaɗa shi sau ɗaya a shekara, washegarin Layya, a ƙofar matarsa Nana Khadija. Naman Juma'ar da kake ci, a kan wannan taken kake cin sa.

Na san ka. Hannunka da daɗi, amma da an yabe ka sai "a'a" ta ɓace a bakinka.

Ka gaishe da Huseina, ka ce ta riƙa gasa maka bayan da ruwan zafi.
Yayarka,
Ajaratu

*

Zongo, Lome

Yaya Ajaratu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Albishirinki! Mota ta zo gida.

Ni da kaina na tuƙo ta daga tashar jiragen ruwa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Huseina ta fito da zane ɗaya, ta zagaya ta sau uku, ta fashe da kuka. Na sa ta a gaba na kai ta bakin teku na dawo da ita, ba don komai ba sai don ta zauna. Ta ce kujerar tana warin karen Bature. Na ce ta yi haƙuri, shi ma karen a zaune ya yi zamaninsa. Yanzu dai hoton Alhaji na manne a ƙofofin biyu har a gama zaɓe, haka muka yi da shi.

Waƙar a unguwar Totsi muka yi ta, wurin wani Rachid mai ɗakin ɗaukar murya. Magidanci ne da gemunsa, amma Hausarsa rabi Faransanci ce. Ya rufe ni a wani akurki, ya ɗora mini wani abu a kunne, ya ce in buga. Abin da ya fito da shi daga baya, ni kaina sai da na riƙe baki. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa kiɗan zamani hayaniya ce, amma mutumin ya san yadda ake kama ƙafar mutane. 'Yan zemijan na sa ta, masu shayi na sa ta, matan ƙabilar Mina da ba su jin ko "sannu" suna rawa da ita a Asigame. Har 'yan ɗaya jam'iyyar na ji suna fito da ita.

Batun da kika ja mini kunne a kai, ki kwantar da hankalinki. An ƙara mata sauri, an zuba mata injuna, ko Baba ne ya tashi ba zai gane komai a ciki ba.

Juma'a biyu ke nan ina zuwa mahauta ban tarar da Sufyan ba. An ce hidimar Layya ce ta riƙe shi.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanenki,
Sabiru

*

Aboabo, Kumasi

Sabiru,

Sallama. Jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Ranar Asabar an yi biki a layinmu, dangin ango mutanen Lome ne. Ka san ni ake ajiyewa kusa da lasifika, tunda ƙararta ba ta cutar da ni. Da zan tashi in yi alwala sai na dafa akwatin. Sabiru, ta tafin hannuna taken Oumarou ya shigo. Bugu uku a jere, a numfasa, biyu masu nauyi. An sa masa gudu kamar ɓarawon da aka biyo, amma shi ne. Shekara nawa ina kwance kusa da ɗakin Baba yana gwada shi? Na kamo Djamila daga cikin masu rawa na ce sunan wa ake kira a waƙar nan? Na bi bakinta da ido, ta ce Saifuddeen.

Ko abinci ban tsaya ci ba.

Ka ce ko Baba ba zai gane ba. Ni kurma na gane, balle mahauta da aka haifa a cikin kiɗan nan? Sufyan ba hidimar Layya ce ta riƙe shi ba, fuskarka ce ba ya son gani. Kar ka rubuto mini labarin kujera. Ka gaya mini, sace shi aka yi ko kai ka bayar?

Ajaratu

*

Zongo, Lome
Kwana uku bayan Layya

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, in akwai sauran barka tsakanina da ke.

Ba a sace ba. Ni na bayar. Kwana uku ina kawo wa Rachid sabon kiɗa yana hamma. A rana ta uku na gaji, na zauna ina huta hannu, ban san lokacin da yatsuna suka faɗa taken ba, kin san yadda yake zuwa da kansa. Sai na ga mutumin ya miƙe tsaye yana tafi, yana cewa wannan, wannan! Ya ce a duk Afirka ba mai hannuna. Na tuna takardarki, tana aljihuna ma a lokacin. Amma da safen ranar na je na ga motar, mai filin ya ce wani ya taya. Na ce a raina, shi Rachid ba ya jin maganar kalangu, Alhaji ba ya ji, in aka ƙara sauri wa zai ji? Na manta cewa kalangu ba ya canza magana don an sa shi gudu.

An yi zaɓe mako guda kafin Sallah. Alhaji ya faɗi warwas. Washegari ya aiko aka ɓamɓare hotunansa daga motata, ya koma kan tayil ɗinsa yana dariya, ya ce siyasa kasuwa ce, wata rana a ci wata rana a tashi haka. Wanda ya ci ɗin ma ban ga ƙeyarsa a Zongo ba. Ruwan daren Sallah ya shigo mana har ƙarƙashin gado. Na je Totsi na roƙi Rachid ya janye waƙar. Ya dube ni da tausayi, ya ce ta shiga wayar duniya, ko shi ba shi da iko da ita.

Washegarin Layya na yi wanka, na sa rigar Baba, na rataya kalangu na nufi ƙofar Nana Khadija. Na ce ko korata za a yi, a kore ni a can. Ba wanda ya kore ni. Mahauta na zaune a tabarma, Sufyan a tsakiya, ba wanda ya amsa sallamata da ƙarfi. Aka fito da tsohuwa aka zaunar da ita a kujerarta. Ta tsufa ƙwarai, Yaya, amma ta sa lalle, ta ɗaura kallabinta na kowace shekara.

Na fara. Na buga shi a hankali, da nauyinsa, yadda Baba ya koya mini. Wallahi ban taɓa buga shi da kyau kamar ranar ba. Uku a jere, na numfasa. Kafin in sauke biyun, sai layin gaba ɗaya ya ɗauka: "Saifuddeen! Saifuddeen!" 'Yan mata masu kai naman Sallah, samari a kan babura, har jikokinta na cikin gida, suna tafi suna karkaɗa kafaɗa. Ba da mugunta suka yi ba. Su a saninsu waƙar ke nan.

Tsohuwa ta juya ta dubi Sufyan, ta ce, "Wa ake kira?" Sai ta ce a kama ta, aka mai da ita ciki.

Sufyan ya sa aka kawo cinyar da ake ba mu duk shekara, ya miƙa mini da hannunsa. Ya ce, "Wannan ta Baba Alassani ce, albarkacinsa. Kai kuma ka riga ka karɓi naka, ga shi can a fake. Daga bana mun yafe kiɗa." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ɗora cinyar a kujerar baya na koma gida. Huseina ta dafa, na kasa kai loma. Motar lafiyarta lau, bayana ya daina ciwo, ina samun fasinja. Rabinsu da sun shiga sai su ce in sa musu waƙar nan.

Ga kalangun nan na ba direba, na naɗe shi a rigar Baba. Ba ni da wanda zan kaɗa wa, kuma ba na iya kwana ɗaki ɗaya da shi. Ki yafe mini in kina iyawa.

Ƙanenki,
Sabiru

*

Aboabo, Kumasi

Sabiru,

Wa alaikumus salam. Kalangu ya iso lafiya, tsarkiya ɗaya ce ta tsinke a hanya.

Da na kwance rigar, na ce bari in buga wa Oumarou takensa sau ɗaya, ko a nan ne. Na ɗora tafin hannuna na buga a hankali. Djamila na tsakar gida tana wanki. Ban ji abin da ta amsa ba, bakinta na gani, sunan Alhajin nan ne a kai.

Na rataye shi a bayan ƙofa, a ɗakin kurma ya dace ya zauna. Na yafe maka nawa, na Baba da na tsohuwar nan ba a hannuna suke ba.

Ka riƙa duba mai da ruwan motar, ka lallaɓa ta ta daɗe. Ita ce za ka bar wa 'ya'yanka.

Allah ya sa mu gama lafiya.
Yayarka,
Ajaratu