Mai Bulala da Makullin Ruwa

Litinin, 5 ga Janairu, 2009
Kwana huɗu ke nan da wucewar ranar ruwanmu, kanal ɗin ban-ruwa a bushe ƙayau. Tumatirina ya fara zubar da fure. Na je ƙofar ruwa na tarar da ita a kulle, Baba Hammadu mai riƙe da makulli ba ya nan. Na ɗauki hoton ƙofar da wayata. Can ƙasa na ga shanu suna shan ruwa a wani kududdufi, su ma na ɗauke su. Zai gane kurensa.

Asabar, 10 ga Janairu
Na shiga Kano, awa biyu a kafen intanet. Na tura hotunan a Zauren 'Yan Kura na garinmu, inda 'yan bokonmu na Abuja da Legas da Ingila suke tafka gardama ta intanet. Ban sa sunana ba, Mai Bulala na sa. Na rubuta cewa Hammadu ya kashe mana ruwa ya karkatar wa shanun danginsa. Ban gani da idona ba, amma ai ga hoto. Na ƙara da cewa mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba shi aka damƙa wa abincin gari guda.

Talata, 13 ga Janairu
Amsa talatin da ɗaya. Wani dakta daga Ingila ya ce Allah ya ƙaro irina. Wani Sammani ne kaɗai ya ce a ji ta bakin tsohon tukuna. Na yi masa kaca-kaca, na ce ko nonon shanun ake kai masa gida. Aka yi ta yi masa dariya, bai sake tofawa ba. Wallahi na ji daɗi.

Juma'a, 16 ga Janairu
Magana ta iso gari. Wani ya bugo ta a takarda, an manna a rumfar mai shayi da tashar Garun Mallam, ana ta turawa ta tes a waya. Tsofaffin da ba su taɓa ganin kwamfuta ba suna cewa "ai a intanet aka faɗa," kamar alƙali ne ya yanke. Bayan an idar da salla ba wanda ya ba Hammadu hannu.

Lahadi, 18 ga Janairu
Iya ta ce gaɓar kanal ce ta ɓalle ta wajen Bunkure, shi ya sa ya kulle. Da ya buɗe, da ruwa ya shiga gidajen mutane. Kwana biyar ya yi yana cika buhuna da ƙasa yana toshewa. Kududdufin da na ɗauka, ruwan ɓallewar ne. To sai me? Rabin tumatirina dai ya mutu. Me ya hana shi gaya mana?
Wai ya faɗa a taron ƙungiyar manoma. Ban je ba ranar.

Laraba, 21 ga Janairu
Na je kafe da niyyar gyara magana. Na tarar da amsa saba'in, ana ta tambayar ina Mai Bulala ya shiga. Sai na ƙara masa wata. Na ce ɓallewar ma shanunsu ne suka tattake gaɓar.

Lahadi, 25 ga Janairu
Ƙungiya ta karɓe makulli. In Hammadu ya wuce, sai matasa su hau yi masa kukan saniya. 'Yarsa Kubra ta koma gida da ƙwaryar nononta a cike, ba wanda ya saya.

Laraba, 28 ga Janairu
Bayan la'asar Baba Hammadu ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya rame. Ya zaro takardar daga aljihu, ta sha ninki.

"Malam Zaharaddini, kai ne mai ilimin unguwar nan, ga ka ɗan aminina. Kowa ya san abin da ke ciki ban da ni. Karanta min."

Na fara, ina neman in tsallake wasu wurare. Ya ce kar in rage masa komai. Na karanta masa rubutuna da bakina, har wurin da na ce bai iya rubuta sunansa ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Nan kam ya faɗi gaskiya." Ya tambaye ni ko Mai Bulalar ɗan garin nan ne. Na ce ban sani ba, Baba.

Ya roƙe ni in rubuta masa amsa in kai can inda ake kaiwa. Ba ta da yawa: shekara goma sha tara yana riƙe da makulli, bai taɓa hana kowa ranarsa da gangan ba, wanda amfaninsa ya lalace ya yafe masa. Iya ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana tsine wa Mai Bulala, tana cewa in ce amin. Na ce.

Asabar, 31 ga Janairu
Na tura amsarsa da sunana na gaskiya, na haɗa da bayanin ɓallewar. Cikin awa ɗaya sun yi min ca. Daktan Ingila ya ce an saye ni da fura da nono. Wani ya kwafo maganar Mai Bulala ya jefe ni da ita. Yanzu kira suke ya fito ya gama da ni.
Ban faɗa musu ba. Ko na faɗa, ba za su yarda ba. Haka dai nake gaya wa kaina.

Litinin, 9 ga Fabrairu
Jiya ya kwashe iyalinsa, ya koma wajen danginsa can Falgore. Kafin su tashi ya aiko Kubra da kwalbar man shanu, wai tukuicin karatun da na yi masa. Iya ta ce mutumin kirki bai manta alheri.

Motar Kano ta tsaya yau, ban shiga ba. Aiki ne kawai ya yi min yawa. Iya za ta zuba min man a tuwo, na janye kwanona, na ce kwana biyun nan yana tayar min da zuciya.