Tabarmar Makokin Sawan

Daga: Khamiso ɗan Achar Kambrani, Lungun Shidi, bayan kasuwar hatsi, Darya Kot.

Zuwa ga: Mai girma Mataimakin Kwamishina, Gundumar Darya Kot, Lardin Sindh.

Kwanan wata: Litinin, 27 ga Nuwamba, 2023.

Game da: Kisan ɗana Sawan Kambrani, da umarnin majalisar gari cewa in ɗauke tabarmar makokinsa daga ƙofar gidana.

Ranka ya daɗe,

Yaran ɗan takara mai alamar tsani sun kashe ɗana Sawan da sanduna a tsakiyar kasuwar hatsi, ranar Talata 17 ga Oktoba, bayan sallar azahar, kasuwa tana ci. Wannan ita ce maganar. Gaisuwa tana biye da ita, tare da fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya.

Ni Shidi ne, baƙar fata, jikan bayin da aka kawo ƙasar nan daga Afirka. A garin nan aka haife ni, a nan aka binne ubana da kakana. Na yi dako a kasuwar hatsi har bayana ya ƙi. Karatuna aji uku ne. Mai rubuta wa jama'a takardu a ƙofar kotu ya ce ba zai sa alƙalaminsa a kan wasu abubuwan da na faɗa ba, shi ya sa na rubuta da hannuna. A yi haƙuri da rubutun. Ƙorafina ga shi bi da bi.

1. Sawan ba ɗan siyasa ba ne. Amalanken jaki yake ja, yana kai wa Haji Allah Dino buhunan shinkafa daga sito zuwa tasha. A makon zaɓen cike gurbi na majalisar gari, yaran ɗaya ɗan takarar, mai alamar tulu, suna bi suna ɗaura tutarsu a kan kowane amalanke da kowane keke, ba sa tambayar mai shi. Sun ɗaura a na Sawan da safe. Bai kwance ba, don wanda ya kwance su ma dukansa suke yi. Da yaran tsani suka shigo kasuwa, amalanke bakwai ne ko takwas ke ɗauke da tutar tulu. Sauran an fizge tutar, an zage su, an bar su. Ɗana aka jawo ƙasa. Babban yaran ya ce wai har bayi sun fara zaɓen shugabanni. Ina roƙon Yallaɓai ya tambayi kansa abin da ya bambanta ɗana da sauran.

2. Babu mutum ɗaya da ya zo ya gaya mini. Tsakanin kasuwa da gidana ba ya wuce tafiyar shan kofin shayi. Ina zaune a ƙofa wajen la'asar jakin ya shigo lungu shi kaɗai, yana jan amalanke, tutar tana ɗaure, takalmin Sawan ɗaya a kan buhu. Ya tsaya inda ya saba tsayawa. A bakin dabba na ji mutuwar ɗana. Na bi sawu na same shi kwance kusa da kwata, wani ya yafa masa buhun da babu komai. Rumfar shayi a buɗe take, talabijin yana nuna wasan kurket, mutane suna kallo. Sun matsa gefe na wuce. Ni na ɗora shi a amalankensa, ni na kawo shi gida.

3. Washegari, Laraba 18 ga Oktoba, na je caji ofis. Jami'in da ke kan tebur ya fara tambayata daga wace ƙasa nake, ya ce in nuna takardar izinin zama. Na amsa masa da Sindhi da ya fi nasa tsafta, na ajiye masa katin ɗan ƙasa. Ya juya katin, ya kira abokinsa ya zo ya gani, suka yi dariya. Ya ce ai mu Shidi in an buga ganga ba ma sanin inda ƙafarmu take, wataƙila an sha wani abu a biki. Daga ƙarshe ya rubuta cewa amalanke ne ya kife da shi. Ranka ya daɗe, ni na wanke ɗana da hannuna. Amalanke ba ya barin shatar sanda a bayan hannu, inda mutum ke kare kansa. Da na faɗi haka, ya ce in kawo shaida guda ɗaya daga kasuwa, zai sake rubutu. Na ce to.

4. Na bi kasuwa rumfa rumfa. A ɓoye kowa ya gani, a fili babu wanda ya gani. Duk abin da na rubuta a lamba ta ɗaya daga bakinsu na ji shi.

Mitho mai shayi ya ce idonsa yana kan tukunya. Tukunyarsa tana fuskantar wurin. Shekara da shekaru Sawan yana shan shayinsa a kofin nan mai tsagaggen baki da ake rataye wa Shidi a ƙusa daga waje, yana sha yana wankewa da kansa yana mayarwa. Bai taɓa ƙorafi ba. Kofin yana nan a ƙusarsa.

Ustad Bachal wanzami ya ja ni bayan labule ya ba ni labarin tun daga farko har ƙarshe, har da sunayen mutum uku. Ya ce da ya san zai mutu da ya yi magana. Ya ce, "Baba Khamiso, ku fa ƙashinku ƙarfe ne, wa ya zaci sanda za ta yi wa Shidi wani abu?" Yabo yake ganin ya yi mini. Da na ce ya zo mu je caji ofis, ya ce yana da 'ya'ya mata huɗu.

Haji Allah Dino, wanda buhunansa ke kan amalanken, ya ce ai lokacin zaɓe ne, haka ake yi, bara ma an harbi mutum biyu a Mirwah kuma rana ta fito. Ya tambaye ni ko buhunansa sun jiƙe. Na mayar masa da su cif. Kafaɗata ta ɗauki makarar mahaifinsa.

An ce mini hoton dukan yana yawo a wayoyin samari, har an ɗora masa waƙa. Ba ni da irin wannan waya, kuma ba wanda ya nuna mini. Ma'aikatan Yallaɓai suna da ita.

5. Mutanen tulu sun zo bakin lungu ranar jana'iza da mai ɗaukar hoto, suna cewa an kashe musu shahidi. Ba su shigo ba. An yi zaɓe ranar Lahadi 22 ga Oktoba, tsani ya ci. Kafin mako ya zagayo an yi sulhu a gidan gonar wani babba, mai tulu da mai tsani sun ci biryani a faranti ɗaya, sun yafa wa juna mayafin ajrak, an ce an yafe duk abin da ya faru. Ban san wanda ya yafe jinin Sawan ba. Ba a tambaye ni ba. Da na je wurin mai tulu, magatakardansa ya ce sun duba, Sawan ba ɗan ƙungiyarsu ba ne. Gaskiya ya faɗa. Tutarsu tana wurina, in suna so.

6. Maganar tabarma. Yallaɓai ɗan Sindh ne, ya san al'ada. In an yi rasuwa ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, jama'a su zo su zauna su ɗaga hannu su yi fatiha. Mai makoki ba ya naɗe tabarmarsa da hannunsa. Ran kwana uku dattijo daga maƙwabta shi ke sunkuyawa ya kama gefenta, ya ce ya isa haka, a tashi a nemi abinci. Sai an yi haka makoki ya ƙare.

Babu tabarmar da aka shimfiɗa a Darya Kot tun ina saurayi da ban zauna a kanta ba. Ta kowace ƙabila: ta Memon, ta Baloch, ta Sayyid, har ta Hindu. A gefe ake ba ni wuri, kusa da takalma. Na zauna, ban taɓa cewa komai ba, don mamaci na je wa.

Na shimfiɗa tawa ranar 18 ga Oktoba. Da can gida goma sha wani abu ne na Shidi a lungun nan, duk sun tashi zuwa Karachi, saura ni. Matata ta rasu tuntuni. Sawan bai yi aure ba, gidaje biyu ya nema a gari aka ce masa ba sa son jikoki masu kalar bayan tukunya. Dangi sun zo daga ƙauye da Karachi, sun kwana uku, sun koma bakin aikinsu. Ɗan baffana Soomar ya sunkuya zai naɗe tabarmar kafin ya tafi, na riƙe hannunsa. Shi dangi ne, ba maƙwabci ba, kuma bai ga komai ba. Daga mutanen gari, ba wanda ya zo. Limamin masallacinmu ya yi sallar gawa ya wuce, wai ana jiransa.

Waɗannan mutane, ranka ya daɗe, in ɗansu zai yi aure mu suke aika wa mu kawo gangar mugarman, su yi ta tafi suna cewa ba mai rawa kamar Shidi. Sun san hanyar lungun nan sarai.

Jiya aka yi arba'in. Na dafa shinkafa daidai ta mutum ashirin. Na ci, na ba jaki, sauran na kai bakin masallaci na ajiye. Kullum bayan asuba ina share tabarmar, in ajiye tulun ruwa da kofuna, kofuna masu kyau duka, babu na ƙusa. In zauna har magariba. Sau ɗaya Mitho ya iso bakin lungu da hula a kansa irin ta mai zuwa ta'aziyya. Ya tsaya, muka haɗa ido, ya duba baya wajen kasuwa, ya juya. Ban kira shi ba. Ba a kiran mutum zuwa tabarma.

7. Ranar Alhamis 23 ga Nuwamba majalisar gari ta aiko mini takarda, mai ɗauke da sa hannun sabon kansila, wato mai tsani. Ta ce tabarmata da rumfar da na kafa a kanta sun tare hanyar jama'a, kuma ayarin murnar cin zaɓe zai bi ta lungunmu ranar Juma'a 1 ga Disamba zuwa hubbaren waliyyi, don haka in kwashe kafin ranar, in ba haka ba ma'aikata su kwashe. Kwatar lungun nan ta toshe tun ambaliyar bara, majalisa ba ta taɓa sanin muna nan ba. Yau ta sani. A ƙasan takardar an ƙara da biro cewa in akwai masu ganga a danginmu, ana bukatarsu a gaban ayari.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai girma Mataimakin Kwamishina abubuwa kamar haka.

A soke rubutun da ya ce amalanke ne ya kashe Sawan Kambrani, a rubuta abin da ya kashe shi.

A kira Mitho mai shayi, da Ustad Bachal, da Haji Allah Dino, a tambaye su a gaban Yallaɓai da Alƙur'ani a hannu, ba a caji ofis ba. A ba su kariya, don tsoronsu ba ƙarya ba ne. Sunaye ukun da wanzami ya ba ni suna bakina, zan faɗe su a gaban Yallaɓai.

A dakatar da umarnin majalisa. Ba na neman diyya, ba na neman aiki, ba ni da wanda zan nema wa. Mutum ɗaya nake jira daga cikin waɗanda suka tsaya suna kallo, ya zo ya cire takalmi, ya zauna, ya yi wa ɗana fatiha, ya faɗi abin da ya gani, sannan ya kama gefen tabarmar. Ran da aka yi haka, ni da kaina zan sauke rumfar.

In kuma Yallaɓai ya ga ba za a iya ko ɗaya ba, a sanar da ni a rubuce, in san matsayina a garin da aka binne kakana.

Ina neman afuwa in harshena ya yi kauri. Allah ya ƙara wa Yallaɓai girma da adalci.

Mai biyayya ga hukuma,

Khamiso ɗan Achar Kambrani
(sa hannu da dangwalen babban yatsa)

Ƙari: Ina cikin naɗe wannan takarda masinjan da ya kawo mini takardar majalisa ya sake zuwa. Ya tsaya a kan tabarmar da takalminsa. Ya ce kansila ya ce a gaya mini ba ya son a wulaƙanta tsoho, in naɗe abina da hannuna cikin mutunci kafin Juma'a, kowa ya huta. Ina so Yallaɓai ya ji amsar da na ba shi daga wurina, kada a canza ta a hanya. Na ce masa ya sauka daga kai tukuna. Da ya sauka na ce:

"Ba zan naɗe ba."