Kwamfuresa a Jikin Bangon Baba

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya kwana a gidana. Gidan da na gina da kaina, da kuɗin fentin mota, sana'ar da ya taɓa ce wa aikin waɗanda boko ya ƙi. Ban tuna masa ba. Na ba shi ɗakin da ke manne da gareji, shi ya fi iska, ga fanka sabuwa. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa sosai, amma bakin yana nan daram.

Yaya ta rako shi, tana ta leƙe-leƙe kamar mai duba asibiti. Ta ce in dai ƙarar injina za ta hana tsoho hutawa, ran Lahadi za ta zo ta mayar da shi wajenta. Na ce to. A raina na ce sai dai ki zo ki sha ruwa ki koma.

Tana fita na cire kwamfuresa, injin iskar da nake fesa fenti da shi, daga jikin bangonsa, na tura ta can ƙarshen fili gindin katanga, na ja mata doguwar waya. Shiru kamar ba a aiki. Kai, ni ma na san kaina.

Talata, 4 ga Maris

Ina tsakiyar fesa ƙofar wata bas, bireka, makunnin nan mai yanke wutar lantarki in an yi mata nauyi, ta faɗi. Na ɗaga, na ci gaba. Iskar tankin kwamfuresa ta sauka, motar da ke juya ta ta yi gurnani za ta tashi, bireka ta sake faɗuwa. Fentin ƙofar ya yi ƙuraje, sai na goge na sake.

Abin haushin, layi ɗaya ne da ɗakin Baba. Duk faɗuwa fankarsa ta tsaya. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Injiniya, surukina yana gumi." In ta ce Injiniya na san tsiya ce.

Laraba, 5 ga Maris

Na canza wa kwamfuresa mai. Na duba bel, lafiya lau. Na wanke matatar iska. Na sa kunne lokacin da take tsayawa, ta yi tsakin nan nata na sakin iska yadda ta saba, ke nan ba cikin matsi take tashi ba. Kafasita ma, wadda ke taimaka wa motar injin tashi, na sa sabuwa, ko da yake tsohuwar ba ta kumbura ba.

Bireka ta faɗi.

Alhamis, 6 ga Maris

Maƙwabcina mai walda ya shigo yana dariya. Wai in cire birekar in ɗaure wayoyin kai tsaye, shi haka ya yi tun tuni bai mutu ba. Na ce ba ka mutu ba tukuna. Gidan nan bulo-bulo na tara shi, ba zan toya shi da mahaifina a ciki ba saboda ƙofar bas.

Baba bai ci abincin rana sosai ba. Ya tambayi maiɗakina ko kasuwa ce ta tsaya mini. Me ya kawo wannan tambaya, oho.

Juma'a, 7 ga Maris

Na je naɗe doguwar wayar nan da yamma, na taɓa ta, zafi rau kamar an ciro ta daga tukunya. Na tsaya riƙe da ita kamar wawa.

Na kira mai wayarin. Kafin in gama bayani ya ce, "Wace irin waya ka ja mata?" Na faɗa masa. Ya ce wannan ai ta rediyo ce, siririya ga tsawo, kafin wuta ta isa can ta raunana, motar injin sai ta yi ta jan wuta fiye da kima tana neman tashi, bireka kuma aikinta take yi. Ya ce iska ake ja wa doguwar hanya da tiyo, ba wuta ba. Na ce na sani, gwada shi nake. Ya ce, "Allah ya ƙara basira, ranka ya daɗe."

Zai iya ja mini layi na daban da waya mai kauri, amma yana wani aiki a nesa sai mako mai zuwa. Bas kuwa gobe mai ita zai zo. Yaya jibi.

Asabar, 8 ga Maris

Ba yadda na iya. Na mayar da kwamfuresa jikin bangon Baba, soket ɗinta na da, na haɗa tiyo biyu na kai bindigar fenti can ƙarshen fili don wari kada ya same shi. Tun safe har na gama bireka ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Bas ta fito tana ƙyalli, direban yana zagaya ta yana shafa gemu.

Ban shiga wajen Baba ba. Duk tashin injin sai in ji kamar a kaina yake bugawa.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ta zo da jakar zuba kaya, ta tarar da kwamfuresa tana ruri a jikin bango. Ko zama ba ta yi ba. "Wannan ne shirun da ka yi alkawari? Baba, tashi mu tafi."

Na fara bayanin waya, Baba ya ɗaga hannu. Ya ce ba inda za shi. Wai duk kwanakin nan da ya ji shiru ya zaci aiki ne babu, kuma ina ɓoye masa don kunya, ya kwanta yana ta tunanin ya zo ya ƙara mini nauyi. Jiya da bango ya fara rawa sai ya ce alhamdulillahi, ya yi barcinsa har la'asar.

"Ke gidanki agogo kawai ake ji," in ji shi. "Nan kuwa ina jin yaron nan yana nema."

Yaron nan. Da furfurata.

Yaya ta ci abinci ta tafi da jakarta wayam. Ni dai na fita duba tiyo, ko da yake ba abin da ya same shi.

Alhamis, 13 ga Maris

Mai wayarin ya ja sabon layi har gindin katanga, aiki mai kyau, kwamfuresa da birekarta ita kaɗai. Ya ce mu tura ta can yanzu. Na ce ya bari, bayana na ciwo, wata rana.

An kawo wata ƙaramar mota, mai ita ya ce in zaɓa masa launi. Na ɗauki gwangwani biyu na shiga wajen Baba, don kawai haske ya fi kyau a ɗakinsa. Ya daɗe yana kallo, ya ce shuɗin. Ni kore na so.

Shuɗin ma ba laifi.