Tabulet ɗin Inna ba na sayarwa ba ne

Assalamu alaikum, Yaya Bello. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Legas da iyali? Mu nan Wurno lafiya lau.

Saƙonka ya iso, wai in sayar da tabulet ɗin Inna tun da wuri, don ana raɗe-raɗin sabo zai fito mai kyamara uku, kuɗin tsohon ya faɗi. To, ya faɗi mana! Mi Inna za ta yi da kyamara uku? Ta daɗe ba ta ganin rubutun Alƙur'ani, sai da munka ƙara mata girman baƙaƙen a cikinsa. Jiya ta kai Yasin.

In ka matsa, taho ka amshe shi daga hannunta da kanka.

Gaida Hadiza da yara. A taya Inna addu'a ta sauke.

Ƙanwarka, Saratu