Rasuwar Baba Zephaniah Mlotshwa, Mai Marsandin 1959

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Masu Riƙon Motocin Dauri ta Bulawayo ta samu labarin rasuwar dattijonta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, kuma Babban Alƙalin Gasarta na tsawon shekara ashirin da shida, Baba Zephaniah Mlotshwa, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata a gidansa da ke unguwar Luveve yana da shekara tamanin da huɗu, ba kowa a kusa da shi sai maƙwabciyarsa, Mama Sikhathele Hadebe, da ta leƙa kai masa abinci.

Marigayin ya fara aiki yana direban wani alƙalin babbar kotu, wanda da zai bar ƙasar ya miƙa masa makullin Marsandin da suka yi shekara goma sha bakwai suna yawo a cikinta. Tun daga ranar bai yarda an taɓa ta da sabon fenti ba. Ruwan tokarta ya koɗe a kan rufi, jar fatar kujerun ta tsattsage, amma farin sitiyarin, da katakon gaban direba mai zanen jijiya, da agogon da ke tsakiyarsa, da rediyon da sai ya yi minti guda yana ɗumi kafin ya yi magana, duk suna nan yadda suka fito daga masana'anta. Ko ƙarzanen da awarwaron maiɗakinsa, marigayiya MaDube, ya yi wa ƙofar baya, ya hana a goge.

A matsayinsa na alƙalin gasa, yakan gane fatar kujera ta asali da hanci kafin ya duba da ido, yakan kuma sa a rufe ƙofar mota sau biyu don ya ji ƙararta. Shugabanmu, Mista Bekezela Gumede, bai manta ranar da ya kawo tasa motar tana ƙyalli daga wurin masu fenti ba. Baba ya zagaya ta a hankali, ya ce, "Gumede, ka kai tsohuwa an cika mata fuska da hoda, yanzu ko mijinta ba zai gane ta ba."

Ya zama wajibi ƙungiya ta faɗi gaskiya a nan. A da mu arba'in ne muke haɗuwa a lambun gari Lahadin farko ta kowane wata. Wasu sun rasu, wasu sun bi 'ya'yansu ƙasashen waje, motocin kuma aka loda su aka tsallaka da su iyaka, har muka koma mu huɗu. A Lahadin da ta wuce, mu ukun kowa da uzurinsa, babu wanda ya je, babu kuma wanda ya aika masa. Mai gadin lambun ya shaida mana cewa Baba ya iso ƙarfe tara da kwat ɗinsa da hularsa, ya ajiye motar a inda ya saba, ya goge ta, ya zauna a ciki har azahar. Da zai tafi ya sauke gilashi ya ce masa, "Idan sun zo, ka ce na zo."

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga 'yarsa, Sista Nokuthaba, da ke aikin jinya a Ingila, da ɗansa, Injiniya Mehluli, da ke Johannesburg, da jikokinsa biyar waɗanda bai samu ya ɗauka a motar ba. Hukuncin motar yana hannunku. Roƙonmu kawai, duk wanda za ku ba, ya zama mai barin ta yadda take. Ubangiji Allah ya gafarta masa, ya ba shi hutawa, ya ba ku ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Mu ukun da muka rage za mu bi bayan gawar da motocinmu, kuma tun ƙarfe tara za mu kasance a ƙofar gidan.

Josiah Tshabangu
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya