Goron da Aka Kwashe Tare da Kwanuka

Mitchellville, Maryland
Lahadi, 24 ga Mayu, 2015, ƙarfe goma da rabi na safe

Zuwa ga Gwaggo Hansatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida a Gwammaja. Yaya ciwon gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja kwana. Mu ma lafiyar jiki muna da ita. An yaye mu ranar Alhamis, na karɓi digirina na aikin jinya, na kuma gode da addu'arki. A teburin kicin nake rubutun nan. Baba yana ɗaki ya rufe ƙofa, Mama ta tafi Landover cefane ita kaɗai, abin da ba ta saba ba. Zan faɗa miki dalili a jere, don kada labarin ya zo miki a karkace daga wani bakin.

Kin san maganar Abdul-Majeed, ɗan Zangon Kumasi da muke tare shekara biyu, wanda yake aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Kawunsa, Alhaji Inusah, ya zo daga Ghana ziyara, ya nemi ya gaisa da Baba. Baba ya ce ban da gida, don idan manyan saurayi suka taka ƙofar mutum, magana ta zama magana. Abin da ya amince da shi kawai shi ne a ci abincin taya ni murna a waje. Aka bar mini zaɓin wuri. Na zaɓi wani gidan abinci na 'yan Labanan a Annandale. Na buga waya na tambayi naman, aka ce yankan Musulmi ne. Ban yarda da waya ba, na je da ƙafata ranar Talata da rana, na ga takardar mahaucinsu a bango. Akwai mashaya a gefe guda, na gan ta, amma babu kowa a wurin sai kujeru a kife. Ban yi tunanin yadda za ta kasance ranar Juma'a da yamma ba.

Da muka isa, mashayar ta cika, ana kallon wasa a talabijin ana ihu. Teburin da aka ajiye mana kuwa yana daf da ita, kwalabe a jere bayan kan Baba. Duk da haka an ci abinci. An kawo gurasa mai zafi, da markaɗaɗɗen wake da man zaitun, da tsiren rago, da shinkafa naɗe cikin ganyen inabi. Alhaji ya yi ta raha, ya ce tsirensu ba laifi, sai dai ya yi maraicin yaji. Mama ta yi dariya. Baba bai yi ba. Sau uku yana tambayarsa asalinsu, Alhaji yana amsa masa cewa kakansu fataucin goro ne ya kai shi Kumasi daga Katsina, Baba yana cewa wace Katsinar.

Ashe Alhaji bai ɗauki zaman a matsayin taya murna kawai ba. Ana gama ci ya ciro ƙunshin ganye daga aljihu, farin goro ne da ya taho da shi daga Kumasi. Ya jera shi a kan ƙaramin farantin da aka ci zaitun, ya tura gaban Baba da hannu biyu, ya ce sun ga abin so a gidansa. Baba ya dubi goron, ya waiga ya dubi kwalaben, ya ce shi ba ya maganar aure a ƙarƙashin giya, kuma magariba ta yi. Mazan uku, Baba da Alhaji da Abdul-Majeed, suka fita yin salla a wurin ajiye motoci. Ni na raka Mama ta yi alwala. Kafin mu dawo an share teburin tas.

Alhaji na dawowa ya ga babu goro, ya ɗauka Mama ce ta adana shi da yawun mijinta. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya yi mana addu'a doguwa, har na kusa da mu suka juyo. Baba ya zuba wa Mama ido. Na tashi na bi matar da ke hidimar teburinmu. Ta ce ta ɗauka ragowa ce ta haɗa da ƙwallayen zaitun, ta ba ni haƙuri ƙwarai, ta kai ni har bakin kicin. Na ga goron da idona a kwandon shara, cikin shinkafa. Na dawo da niyyar faɗa, na tarar Alhaji yana waya da Kumasi yana ba su albishir. Sai na koma kujerata na bar maganar.

A mota na faɗa wa Baba komai. Ya ce to, goron ya tafi inda ya dace da shi. Gwaggo, wannan kalmar ce ta hana ni ci tun shekaranjiya. Wurin ba baƙonsa ba ne. Da bakinsa ya taɓa ba mu labarin sun yi wa wani abokin aikinsu na gidan rediyo liyafar ban kwana a irin wannan wuri, bai ce kwalabe sun hana shi zama ba. Shekara ashirin yana gaida Hausawan Ghana ta rediyo, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu 'yan'uwa. Sai da ɗayansu ya zauna a teburinsa ya fara neman wace Katsinar. Mama kuma ba ta taɓa goron nan ba, amma har yanzu bai amsa gaisuwarta ba.

Alhaji zai koma ranar uku ga Yuni. Ke kaɗai ce idan kika kira Baba da sunansa, Malami, yake sunkuyar da kai. Ina roƙonki ki kira shi kafin ranar. Ban ce ki tilasta shi ba. Ki sa shi ya faɗi e ko a'a da bakinsa, a gidansa, ga mutumin da ya ba shi girma.

Ki gaida Kawu Abdulmumin da iyalinsa, da Yaya Aminat, da Inna ta Fagge.

Ga abin da ban sani ba har zuwa wannan safiya. Ban sani ba ko Abdul-Majeed ya faɗa wa kawunsa gaskiya; na faɗa masa jiya, ya ce in ba shi lokaci. Ban san mutum nawa suka ji albishir a Kumasi ba. Ban sani ba ko Baba ya yarda cewa Mama ba ta da hannu. Kuma ban sani ba, da ya dawo daga salla ya tarar da goron a inda ya bar shi, ko zai miƙa hannu.

'Yarki,
Haula Malami